Ƙara wa juna sani: ina junan yake?

Duk mai sauraren labarun Hausa a rediyo ya san jimlar nan: an buɗe taron ƙara wa juna sani. Da ita ƴan jarida ke fassara abin da mutanen ofis ke kira seminer ko atelye. Wanda ya fara ƙirƙiro ta ya iya Hausa, kuma ya yi wa tarurrukan kyakkyawan zato. Kalmar da ta ɗauki nauyin jimlar ita ce juna. A nahawu, juna ba ta zama da mutum ɗaya. Ba ka cewa "na gaida juna". Sai an samu aƙalla biyu, kuma sai aikin ya je ya dawo. In aka ce Ali da Sani sun mari juna, to kowa ya sha mari. Amma a mafi yawan tarurrukan da ke ɗauke da wannan suna, mutum ɗaya ne ke tsaye da na'urar haska rubutu a bango, sauran na zaune suna jiran hutun kofi da takardar sa hannu. Mai yiwuwa sani ya ƙaru. Juna dai ba ta shigo ɗakin ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan shi ne wata tambaya da ta shafi duk wanda ke zaune kan bencin amfi: wa ke koya wa malamin jami'a koyarwa? In kuma babu mai koya masa, akwai wanda ake bin bashi, ko kuwa haka duniya take? Na san wani zai ce, kai yaro, ƙare lisansinka tukuna kafin ka sa baki cikin sha'anin manya. Na ji. Sai dai mai cin tuwo yana da ta cewa kan gishirin miya ko da bai taɓa hura wuta ba.

Mu duba yadda abin yake a ƙasar nan. Mushen firamare, a ƙa'ida, yana bi ta makarantar horon malamai kafin a ba shi aji (ban da ƴan kwantiragi masu yawa da aka jefa aji ba shiri, wannan wani ciwon ne daban). Bayan ya kama aiki akwai abin da ake kira CAPED, inda malaman yanki ɗaya ke haɗuwa, in hali ya yi, ɗaya ya ba da darasi sauran su duba su tattauna. Na sakandare yana da babbar makarantar horon malamai ta Yamai, yana kuma da haɗuwar masu koyar da fanni ɗaya. Ko ana yi da kyau ko ba a yi, tunanin dai yana nan: koyarwa sana'a ce, ana koyonta, kuma ana koyonta cikin ƴan uwa. Da ka hau zuwa jami'a sai wannan tunani ya yi sanyi. Takardar shiga ita ce digirin dokta. Digirin dokta kuwa shaida ce cewa mutum ya iya zama shekara uku ko biyar ko fiye a kan tambaya ɗaya siririya, shi kaɗai, har ya fitar da abin da ba a sani ba. Wannan babban abu ne, ba na raina shi. Amma ranar Litinin da safe, abin da ke jiransa ɗaruruwan yara ne da suka ci bak bara, wasu ba su taɓa jin sunan fannin ba, rabinsu ba sa jin muryarsa saboda lasifika ta mutu.

To mi zai yi? Abin da aka yi masa. Ya buɗe takardunsa ya fara shifta, mu rubuta. Shi ma haka malaminsa ya yi masa, a nan ko a Dakar ko a Faransa. Gado ne, kuma kamar kowane gado ana karɓarsa ba tare da an tambayi inda ya fito ba.

Abin ya ƙara nauyi ne saboda yadda jami'o'i suka yawaita da sauri. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma kusan shekara arba'in ita kaɗai ce jami'ar gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Daga ɗaya zuwa takwas. Wannan abin murna ne, da yawa daga cikinmu ba don shi ba da ba mu ga ƙofar jami'a ba. Amma ma'anarsa ita ce sababbin daktoci da yawa sun shiga aji kusan lokaci guda, a sassan da wani lokaci ba su da dattijo ko ɗaya da za a leƙa a tambaya, ga kuma malaman da ke zuwa daga wata jami'a su sauke darasin zango guda cikin mako ɗaya ko biyu su koma. A kan wannan aka ɗora tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi tun 2007: zango biyu a shekara, kiredi 30 kowane zango, 180 kafin lisansi, kuma wani babban kaso na lokacin an ce na aikin ɗalibi ne shi da kansa. An ce za a koyar ta wata hanya dabam, a yi karatu ta wata hanya dabam, a auna ta wata hanya dabam. Sunaye sun sauya kam. A azuzuwa da dama shifta tana nan daram, an dai yanka ta gida biyu an sa wa kowane yanki lamba.

Akwai abin da ke ɗaure mini kai a nan, kuma a kansa nake son mu daɗe. Malamin jami'a ba baƙo ba ne wajen karɓar gyara. Ƙarin girmansa yana hannun CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke tantance malamai daga mataki zuwa mataki har zuwa cikakken farfesa. Abin da ya fi nauyi a cikin dosiyensa shi ne binciken da ya wallafa. Kafin a buga masa maƙala guda, sai wasu da bai san ko su waye ba sun karanta, sun ce nan ba ka kawo hujja ba, nan ka manta da aikin wane, nan sake lissafi. Ya yi fushi na kwana biyu, ya zauna ya gyara. Ya yarda cewa haka ilimi ke tafiya. A fannonin likita da shari'a da tattalin arziki ma akwai gasar agiregasiyo, inda mai neman matsayi ke tsayawa ya ba da darasi gaban alƙalai. To wannan mutumin da kansa, in abokin aikinsa ya ce, gobe zan zo in zauna bayan ajinka in ga yadda kake yi, sai ka ga fuska ta canza. Mi kake nema? Wa ya aiko ka? An mai da ni ɗan koyo ke nan?

Mi ya raba biyun? A ganina, kuskuren maƙala yana kan takarda, ana iya ajiye shi a tebur a dube shi kamar kayan wani. Kuskuren aji yana jikin mutum: muryarsa ce, haƙurinsa ne, yadda ya daka wa wata yarinya tsawa don ta yi tambayar da bai shirya mata ba. Kuma yana faruwa gaban na ƙasa da shi. Mu kuwa mun taso cikin al'adar da kunya da girma ke tafiya tare. Uba ba ya son a gyara masa magana gaban ƴaƴansa, kuma akwai hikima a ciki, don gidan da ake kunyata babba kullum ba ya zama lafiya. Ƙofar aji da ake rufewa tana tsare wani abu na gaske. Malamin da ajinsa ya raina shi ba zai iya koyar da komi ba, ko da ya fi kowa sani.

Tambayar ita ce ko girman nan dole sai a ɓoye yake rayuwa. A nan makarantar zaure tana da abin da za ta gaya mana. A garuruwanmu har gobe akwai malamin da ke ba da karatu bayan asuba, almajirai zagaye da shi, amma da la'asar ta yi sai ya saɓa littafinsa ya tafi zauren wani ya zauna a ƙasa, ya ja baƙi a fassara masa. Almajiransa sun sani, wasu ma su ke riƙe masa buta. Ba wanda ya ce girmansa ya zube. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibril ɗan Umar har Agadas don karatu, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta littafi guda don kawai ya lissafa waɗanda ya ɗauki ilimi a wurinsu. A wannan tsari, in ana son a san nauyin malami sai a tambayi gaban wa da wa ya durƙusa. Gemu ba ya hana ilimi, in ji mutane, kuma a zaure ana ganin gemun da ido.

Kada in yi wa zaure kwalliyar da ba tasa ba. Can ma akwai bulala, akwai haddar da ba a fahimta, kuma tafiyar daga ƙasa zuwa sama take, ƙarami wajen babba. Juna ba ta cika ba. Abin da ake zuwa nema kuma littafi ne, ba dabarar koyarwa ba. Duk da haka akwai wata riba da malamin zaure ke samu ba tare da ya nema ba: kowace la'asar yana sake ɗanɗana yadda rashin fahimta yake. Ya san zafin a wuce wuri da sauri alhali kai ba ka kama ba, ya san nauyin baki wajen cewa a maimaita. Wanda ya shekara ashirin bai zauna a matsayin mai koyo ba yakan manta wannan sarai. Abin da ya sani ya zame masa kamar numfashi, har ya kasa gane ta ina mutum zai kasa gane shi. Malamai da yawa da muke kira mugaye, wallahi ba mugunta ba ce, mantuwa ce.

Tun da kimiyyar harshe nake karantawa, ku bar ni in ɗan shiga gonarmu. A 1960 wani Baturen Ingila, Parsons, ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai, abin da muke kira giredi. Saiwa ɗaya takan shiga gidaje da dama, ma'ana ta juya. Ɗauki koy-. In ka ce "na koyi lissafi", giredi na 2 ne, abu ya zo gare ka. In ka ce "na koya masa lissafi", giredi na 1 ne, abu ya tafi gare shi. Karin sautin ma ya juya, wanda ya fara ƙasa ya hau ya koma ya fara sama ya sauka. "Na koyar da lissafi" kuma giredi na 5. Haka ar- take: na ari keke, na ara masa keke. Bahaushe bai ga buƙatar saiwa biyu ba don koyo da koyarwa, kamar yadda bai ga buƙatarsu ba don karɓar aro da ba da shi. Ba na cewa nahawu na yanke hukunci kan ɗabi'a. Faransanci ma yana da aikatau ɗaya mai ɗaukar ma'anonin nan biyu, kuma daga amfin Faransa shifta ta zo mana. Amma kwatancen aro ya tsaya mini a rai, don abin aro ana mayar da shi.

Ga inda na tsaya. Duk malamin da ya gwanance, da kawunan ɗalibai ya gwanance. Kamar ɗan wanzami mai koyon aski, kafin hannunsa ya faɗa kan wani ne ya sha yanka. Shekararsa ta farko ya yi sauri, aji ya faɗi. Ta biyu ya ba da misalin da ba wanda ya gane. Ta biyar ya gano cewa in ya fara da babi na uku kafin na biyu abin ya fi shiga. Waɗanda suka zauna gabansa a shekarun farko su suka biya kuɗin wannan gwaninta, wasu da maimaita shekara, wasu da rasa burs, wasu sun bar karatun gaba ɗaya sun koma gida da tunanin su ne daƙiƙai. Ba wanda zai mayar musu. Abu guda da ya rage a yi musu shi ne kada sabon malamin da ya zo bana ya sake yanka wasu kawunan don gano abin da maƙwabcin ofishinsa ya sani tun shekara goma. Shi ya sa nake ganin gwanintar koyarwa ba dukiyar mai ita ba ce shi kaɗai, da zai kulle a aljihu ya yi ritaya da ita. Amana ce a hannunsa. Malamin da ya ƙi buɗe ƙofarsa ga ƙaramin abokin aiki, ko da bai zalunci kowa a ajinsa ba, ya bar wani aji a hannun sa'a.

Bari in ba da misali ƙarami daga shekararmu ta farko. An yi mana shiftar ma'anar fonim, wato ƙwayar sautin da ke bambanta ma'ana, da Faransanci mai tsawo, layi huɗu, da misalan da bakinmu ma bai raba su da kyau ba. Muka haddace. In ka tashe mu cikin dare za mu karanto maka ita, amma a ce mu yi aiki da ita, shiru. Bayan makonni, wani ƙaramin malami mai yi mana aikin rukuni ya rubuta kalmomi biyu a allo, kara da ƙara, ya ce wa ya ji bambanci? Duk masu jin Hausa suka yi dariya. Ya ce to, in Bafaranshe ya ji su zai ce kalma ɗaya ce, don a harshensa sautin nan biyu ba sa raba ma'ana. A naku suna rabawa, shi ke nan fonim. Ya juya ga masu jin Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek ya ce kowa ya kawo nasa. Kafin awa ta cika an gama da matsalar da ta sha mana kai wata guda. Ofishin malaman nan biyu bango ɗaya ya raba su. Shekara ta zagayo, ƙannenmu suka zo, aka sake yi musu shiftar layi huɗu.

Yanzu sai a yi wa malamai adalci, don maganar ba ta da sauƙi kamar yadda na shimfiɗa ta. Mutumin da ke da takardun jarrabawa ɗari bakwai jibge a gida, ga shekarar karatu da ta hau kan wata, ga alawus da ake bin gwamnati, ga binciken da in bai yi ba zai tsufa a mataki ɗaya, in ka ce masa ya ware yammacin Laraba don tattauna koyarwa, yana da hakkin ya tambaye ka da wane lokaci. Tsarin da kansa ya gaya masa abin da ke da daraja: maƙala tana hawa da shi, darasi mai kyau sai dai "Allah ya saka". Wanda ya bi maƙala ba maras imani ba ne, ya karanta ƙa'idar wasan ne daidai. Malamai kuma suna da haɗin kai, ga ƙungiyarsu SNECS, kowa ya san ƙarfinta in ta ajiye alli. Sai dai aikin ƙungiyar ƙwadago shi ne ta tsaya tsakanin malami da hukuma. Wanda zai tsaya tsakanin malami da sabonsa na shekara da shekaru wani zama ne dabam, kuma ya fi wuya, don a yajin aiki abokin gaba yana waje.

Sannan akwai haɗarin da ke cikin taron kansa. Ƙaramin malamin da dosiyensa zai bi ta hannun farfesa, ta yaya zai ce masa ranka ya daɗe, darasin nan bai shiga ba? Zai yi murmushi ya ce ma sha Allah. In kuma hukumar jami'a ce ta aiko mai leƙe da takardar cikewa, to an koma sufeto, kowa zai shirya darasin baje koli na ranar, gobe a koma gidan jiya. Ga kuma rufin asiri. Kalma ce mai kyau a Hausa, kowa na roƙon Allah ya rufa masa asiri, amma tana da baƙar fuska: taron da ya zama wurin kare wanda ke tilasta sayen polikop ɗinsa, ko wanda ke matsa wa ɗalibai mata da maki, wannan ba zumunci ba ne kuma, kuma ba maganar ƙara sani ba ce, maganar ladabtarwa ce. Zaman da nake nufi dole ya rufa asirin mai rauni da ke son gyara ba tare da ya zama bargon mai cuta ba, kuma raba waɗannan biyun a aikace sai da mutane masu ƙashin baya.

Sai perdiyam. Kowa ya san yadda atelye ke tafiya: wata ƙungiyar waje ta kawo kuɗi, a kama ɗakin otel, a ɗauko gwani daga nesa, kwana uku, jaka da biro, jika kaza kowace rana, hoto a ƙarshe. Ba na zargin mai karɓa, albashi ba ya kai wata. Amma ku tuna gayya. Ana gayya ne don kowa ya san gobe gonarsa ce. Mai gona ya dama fura ya yi tuwo, ba ya biyan lada. Ranar da aka fara biyan kuɗi ta tashi daga gayya ta koma ƙwadago, kuma ranar da kuɗin ya yanke ba mai fitowa da hauya. Gwanin da aka ɗauko yana iya kawo abu mai amfani, sai dai bai san amfinmu ba, bai san wuta na ɗaukewa tsakar darasi ba, bai san yaron da ya yi firamare a rumfar zana ba, kuma ran Juma'a jirginsa zai tashi. Iyayenmu kuma sun ga abin da ya faru lokacin da gwamnati ta rungumi Samariya a zamanin Kunce: aikin gayya da umarni daga sama yana gina aji da rijiya, amma ba kullum yake gina son rai ba. Don haka in da za a tambaye ni, rabon hukumar jami'a kaɗan ne kuma mai tsada: ta ba da ɗaki, ta ƙidaya awannin zaman cikin aikin malami kamar yadda take ƙidaya na darasi, ta sa shi da rana don malamai mata da ke da gida a kansu su samu zuwa, sannan ta fita ta ja ƙofa. Kuma babba ne ya kamata ya fara cewa ku zo ku ga nawa. In farfesa ya zauna aka gyara masa bai mutu ba, ƙarami zai saki jiki. In daga ƙarami aka fara, sunansa jarrabawa.

Wanda ke ganin tunanin koyarwa ƙasƙanci ne ga babban masani, ya tuna mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fizik ne da ya yi suna kan makamashin rana, amma littafinsa da aka fi sani, wanda ya fito a 1964, a kan ilimi da tarbiyya a Afirka yake, kuma a ciki ya kare koyarwa da harsunanmu. Wannan magana ta harshe ma ta dawo gabanmu, tun da kundin da aka fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko mi mutum ke tunani kan wannan mataki, kuma na san ƴan uwanmu da ba Hausa suka tasa da ita ba suna da tambayoyi na gaskiya, in har wata rana harsunan gida za su shiga amfi, ba wani gwanin waje da ke da amsar a jakarsa. Kalmomin da na yi amfani da su ɗazu, aikatau da karin sauti da sauransu, ba daga sama suka faɗo ba. Malaman Hausa na jami'o'in Nijeriya ne suka yi ta zama suna gardama a kansu, har aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990. Mu ma muna da gwajin makarantun harshen gida da aka fara a Damagaram tun 1973. Irin wannan aiki mutum ɗaya ba ya yin sa a ofis a kulle.

Mu ɗalibai fa, ina muka tsaya? Babu wanda ya san koyarwar jami'a kamar ɗalibi, don shi kaɗai ke shiga aji goma a mako ya ga hannu goma. Farfesa bai ga ajin kowa ba sai nasa. Duk wannan sani yana fita ne da dare a fada, tsakanin shayi na ɗaya da na uku: wane ya iya, wance tana da haƙuri, wane kam sai addu'a. A nan yake ƙarewa, da safe a zubar da ganyen. Tsoron maki ya hana shi isa kunnen da zai amfana. Kuma ba duka ne abin dogaro ba. Ɗalibai da yawa sun fi son mai shifta, don abin da ya faɗa shi zai tambaya, a haddace a zuba masa a wuce. Malamin da ya ce ku je ku karanta ku zo mu yi gardama, shi ake kira mai wahalarwa. Wanda aka yi wa tambaya ya ce "ban sani ba, zan duba", kafin magariba labarinsa ya zaga salula: ashe dokta bai iya ba. Ana ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bin mazhabarsa, an taɓa jero masa tambayoyi ya amsa mafi yawansu da ban sani ba, kuma cikin darajojinsa ake ambaton wannan. Aji da ke yi wa "ban sani ba" dariya yana taimakawa wajen ƙera malamin da ba zai taɓa buɗe ƙofarsa ba. Don haka in aka ba mu takardar auna malamai, wanda ya mai da ita wurin ramuwa kan maki 7 da ya samu ya ba masu ƙin abin hujjar da suke nema.

Akwai dai wata murya ta ɗalibai da ba ta tsoro kuma ba ta ramuwa, ita ce takardar jarrabawa. In mutum ɗari uku suka amsa tambaya ɗaya, ɗari biyu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, wannan ba lalaci ba ne na mutum ɗari biyu, wani abu ne ya faru a allo. A kimiyyar harshe an daɗe da sanin cewa kuskuren mai koyon harshe yana da tsari, yana nuna ƙa'idar da ya gina a kansa. Kuskuren ɗalibin lissafi ko na shari'a ma haka yake. Malamai huɗu na sashe ɗaya, tabarma ko tebur, kowa ya zo da takardu ashirin an rufe sunaye, a zaɓi tambaya ɗaya a duba inda aka faɗi. Ba wanda ya shiga ajin wani tukuna, ba wanda aka kalli fuskarsa gaban yara, kuskuren yana kan takarda kamar na maƙala. Daga nan wani zai ce, ni ga yadda nake bi da wurin nan, wani ya ce ni ma nawa a nan suke zamewa. Ba ya buƙatar otel ko gwani ko jika ɗaya. Takardun zangon da ya wuce suna nan ɗaure da igiya cikin kabad, kuma makullin yana hannun shugaban sashe.